Shinkafar Ranar Juma'a

Tun da damina ta yi nisa Barakatu ta daina zuwa kasuwa da safe. Cefanen safe na masu hali ne. Ita sai la'asar sakaliya take yafa mayafi ta fito, lokacin da masu kayan gwari na kasuwar Malumfashi suka gaji da korar ƙuda, suka fara ɗaga kai suna duban hadari. A lokacin ne tumatirin da ya wuni yana girman kai yake saukowa a yi ciniki da shi.

Ta san wanda ke ware fasassun tumatir a gefen tire ya sayar rabin kuɗi. Ta san mai daddawar da ke yin gyara in an gaishe ta da kyau. Nama kuwa gaisuwar nesa suke yi da shi. In ta zo layin mahauta sai ta ƙara sauri kamar wadda ake jira a gida, alhali ba mai jiranta sai Baba, shi ma a kwance.

Ba rowa ke damunta ba. A ƙarƙashin gadonta akwai gwangwanayen madara guda huɗu, tun na marigayiya Inna, har tsatsa ta cinye rubutun jikinsu. In fanshon Baba ya shigo, ta haɗa da ɗan abin da ake ba ta a makarantar yaran da take koyarwa, sai ta fara ware kuɗin maganinsa. Abin da ya saura ta kasa shi huɗu, kowane mako da gwangwaninsa. Doka ɗaya Inna ta bar mata, ba a buɗe na gaba sai makon baya ya ƙare, ko da tukunya za ta kwana a kife. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Da can dabarar tana ci. Bana kuwa masara ta yi tashin gwauron zabi, makaranta ta yi dogon hutu, hutu kuma ba albashi. Gwangwanin da ya saba kai su Asabar ya koma sarewa tun Laraba. Sai Barakatu ta ƙaro wata dabarar da Inna ba ta koya mata ba, ta zama mai yawan azumi. Litinin da Alhamis dai an san da su, amma har Talata takan ce ramuwa take yi. In ta tuƙa tuwo ta zuba wa Baba malmala biyu, ita ta kankare ƙanzo ta jiƙa, shi ne buɗa-bakinta.

Rana ɗaya ce a mako take cin abinci ta ji ta ci. Duk Juma'a maƙwabciyarsu, wadda unguwa gaba ɗaya ke kira Tsohuwa, takan miƙo kwanon shinkafa da wake ta kan katanga, ta ce ɗanta na Kaduna ne ya aiko, ita kuma haƙoranta ba sa gamawa da ita. Tun daga Laraba Barakatu take fara tunanin wannan kwano, tana jin kunyar kanta.

Abin da zai ba ka haushi, ko ya ba ka dariya, a cikin gidan nan akwai abincin da zai riƙe su har bayan kaka. Ɗan ɗakin da ke kusa da madafi a cike yake, buhun shinkafa 'yar waje, jarkar man gyaɗa, katan na taliya, sukari, madara, har da sabulu. An garƙame shi da kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanin Barakatu. Kullum sai ta wuce ta gaban ƙofar cikinta yana kuka, ba ta ko waiwayawa.

Kayan Alhaji Abdulmutallib ne, mai shagon kayan masarufi a Funtuwa.

Farkon damina Baba, wato Malam Sule, ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yana kwance a asibiti motar Alhaji ta sauke kayan a ƙofar gida da sunan dubiya. Kowa ya san wace irin dubiya ce. Matar Alhajin ta rasu bara, ya ga Barakatu a wurin wani biki ya aiko, aka ce masa an riga shi. Jibril ne ya riga shi, wani manomi ɗan wani ƙauye a bayan Dayi, wanda Baba da bakinsa ya ce ya dakata zuwa kaka ya turo magabatansa. To amma ranar da bakin Baba ya karkace, magana ta koma hannun yayarsa, Gwaggo Murja, da ƙaninsu Baffa. Gwaggo ce ta karɓi kayan tana sa albarka.

A barandar asibiti suka yi ta. Barakatu ta ce a mayar. Baffa ya ce mayar da dubiya cin fuska ne, a ajiye zuwa kaka, in an tsayar da magana sai a mayar tare da ban haƙuri. Gwaggo ta yi dariya, ta ce wata ɗaya ba za su yi ba sun farke buhun, kuma gidan da ba ya iya ci da kansa ba shi da bakin zaɓen suruki. Ga rashin barci, ga kuka, zuciya ta ɗebi Barakatu.

"Wallahi in aka ci ko ƙwaya ɗaya a gidanmu kafin kaka, na yarda, ku ba ni shi."

Baffa ya ce ya shaida. Gwaggo ta ce ta shaida. Magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Likita ya riga ya yi gargaɗi kada a bari wani abu ya tayar wa Baba hankali, don haka aka yi shawara ba mai faɗa masa. Iyakar abin da ya sani, 'yarsa ta kulle kayan ta ce ba ta so a taɓa.

* * *

Ranar Alhamis ɗin nan ta dawo daga kasuwa ta tarar da takalman Gwaggo a bakin rumfa. Baba yana barci a ɗaki. Ko gaisuwa ba ta gama ba Gwaggo ta miƙo hannu ta karɓi ledar cefanen, ta leƙa ciki.

"Wannan shi ne cefanen? Ko na 'yar tsana ne?"

"Zai ishe mu, Gwaggo."

"Zai ishe ku." Ta ajiye ledar a hankali kamar mai tsoron kada ta fashe. "Jiya Alhaji ya yi mini waya, yana tambaya ko shinkafar ta ƙare ya ƙaro. Na rasa abin da zan ce wa bawan Allah. Mutum da mutuncinsa, bai taɓa zuwa ya tsaya a ƙofar gida yana kiran yara a yi masa sallama da ke ba."

"Ki ce masa mun gode, ba ta ƙare ba."

"Ke 'yar nan, zauna ki dube ni."

Barakatu ta zauna a gefen tabarma, kanta a ƙasa.

"Kin ɗauka ni maƙiyiyarki ce ko? Sule ni na goya shi, a bayana ya yi wayo. Mutumin da ke haɗiyar magani safe da yamma, a ce yau miyar kuka, gobe miyar kuka, ba ko ƙashi a ciki? Ke kina soyayya, ƙanena yana biya da jikinsa."

Maganar ta shige ta har ƙashi, domin ita ce maganar da take faɗa wa kanta in ta kwanta. Hawaye suka ɓalle mata.

"Gwaggo, Allah shi ne shaidata, Baba bai taɓa kwana da yunwa ba."

"Ke fa? Dubi wuyanki kamar na zabuwa. Kuma duk a kan wa? Yaron da kakansa har ya bar duniya bai taɓa kai goshinsa ƙasa ba. A danginsu har yau akwai masu yanka kaza a gindin tsamiya."

"Shi yana salla, mahaifinsa ma yana yi. Baba ya bincika kafin ya amsa masa."

"Gonar ma haya ce."

"Amma guminsa ne a ciki."

"Gumi." Gwaggo ta taɓe baki. "Na auri mai gumi, na ga abin da gumi ke sayowa. Ba ni da nufin in ga 'yar ƙanena tana ta tsince-tsince a tashin kasuwa har ta tsufa."

Ta miƙe tana gyara lulluɓi, ta kalli ƙofar da kwaɗo yake rataye.

"Masara ta fara shigowa kasuwa, kaka ta yi ke nan. Juma'a ta sama Baffanku zai zo, a buɗe ɗakin nan a gabanmu. In yana nan yadda aka kawo shi, ni Murja ba na cin alkawari, zan ja bakina in yi shiru. In kuwa an taɓa, kin sani, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

Har ta kai zaure ta dawo, ta zaro wani ƙulli daga jakarta ta ajiye a kan turmi. 'Yan ƙwan zabi ne.

"Na Sule ne, daga zabina. Ba na Alhaji ba ne, kada ki kulle su."

* * *

Gab da magariba wayarta ta yi ƙara. Jibril ne. Tun shuka yake can wajen Mahuta inda ya kama gona, a bukka yake kwana, kuma sai ya hau wani suri a bakin gonar kafin waya ta shiga. In ka ji muryarsa tana yankewa, to ya gyara tsayuwa ne.

"Malama, an sha ruwa ko da saura?"

"Da saura kaɗan. Ya aiki?"

"Aiki ya zo ƙarshe. Yau muka fara karya. Barakatu, da kin ga masarar nan. Ban taɓa yin noma irin na bana ba. Na riƙe wata a hannu na ce wannan ta sadaki ce, wannan ta akwati, abokan aikina suna ta yi mini dariya."

Ta yi murmushi ita kaɗai a tsakar gida.

"Allah ya sa albarka."

"Amin. Me kika dafa wa Baba?"

"Tuwo da miyar kuɓewa, har da ƙwai."

"Ke fa?"

"Shi ɗin dai."

Ta ji iska tana kaɗa karan masara a bayansa.

"Muryarki ba ta yi mini ba. Tun watan jiya na ce bari in sayar da ɗanya in turo miki wani abu, kika hana."

"Kuma har yanzu na hana. Ka sayar da ɗanya a wulaƙance, gobe ka zo neman aure da hannu biyu? Kada ka taɓa ko tiya ɗaya. Ni na iya riƙon gida, gado na yi."

"Na sani. Shi ya sa nake jin kunya. Ina nan ina kwana a kan hatsi, ke kina can kina lissafin gishiri. Kayan mutumin nan suna nan dai?"

"Suna nan yadda aka kawo su."

"Da na zo za a mayar masa. Ni da kaina zan ɗauki hayar a-daidaita-sahu. Na gaya wa su Baffana su shirya, da mun gama sussuka..."

Maganar ta yanke. Ta riƙe wayar a kunne tana jira ko zai dawo, bai dawo ba. Shi ma bai san da alkawarin barandar asibiti ba. Sau nawa ta ɗauko maganar ta mayar, don ta san halinsa, zai bar gona ya taho, ɓarayin masara kuma ba sa jiran kowa. Haka take ɗauke da abin ita kaɗai. Uba bai sani ba, masoyi bai sani ba, waɗanda suka sani kuwa jira suke ta faɗi. Aka kira salla, ta kurɓi ruwa, ta jawo kwanon ƙanzonta.

Saura mako guda, ta ce a ranta. Wanda ya haƙura da damina sukutum ba zai kasa mako guda ba.

* * *

An kwana ana ruwa. Da gari ya waye ta ga bangon ɗan ɗakin ya jiƙe daga sama. In danshi ya ɓata shinkafar, Gwaggo ba za ta tsaya bambance ci da ɓaci ba. Ta daɗe ba ta buɗe ɗakin ba, don ba ta son ido ya gani rai ya biya. Ta kwance makulli ta shiga, da nufin ta ja buhun daga jikin bango ta ɗora shi a kan bulo.

Ta tattara ƙarfi ta ja. Buhun ya taho mata da sauƙi har ta kusa faɗuwa.

Ta tsaya. Ranar da aka kawo shi ƙarti biyu ne suka shigo da shi suna nishi. Ta dafa samansa, hannunta ya nutse. Ta laluba gindi ko ɓera ne ya huda, ba huda ko ɗaya. Sai ta jawo bakin buhun wajen haske.

Ɗinkin kamfani da farin zare yake, ya tafi tsaf har kusa da kusurwa. Daga nan sai wani ɗinki ya karɓa, manya-manya, a karkace, da baƙin zaren kitso. Ta san ɗinkin nan. Shi ne a jikin matashin kan Baba, shi ne a gefen tabarmar sallarta. Mutum ɗaya ne a unguwar nan ke yin ɗinki da zaren kitso.

Ba ta san lokacin da ta bi ta inda katanga ta zube ta faɗa gidan Tsohuwa ba. Ta tarar da ita zaune a kan kujera 'yar tsugunne a gaban murhu, tana firfita wuta, tukunya tana tafasa. Ƙamshin da Barakatu ke mafarki tun Laraba ya cika gidan.

"Kai, wannan irin shigowa ba sallama? Ko mijin ne ya biyo ki?" Tsohuwa ta ɗago tana dariya, sai dariyar ta tsaya. "Baraka, lafiya? Malam ne?"

"Tsohuwa, shinkafar nan daga ina take?"

"Wace irin tambaya ce da safe? Na ce miki ɗana na Kaduna..."

"Don girman Allah."

Tsohuwa ta ajiye mafici.

"Na ce masa za ki gane. Na ce Malam, idona ba ya ganin farin zare, ya ce in yi da wanda nake da shi."

Barakatu ta zauna daɓas a ƙasa.

"Baba?"

"Ranar da kika tafi kasuwar Dayi neman busasshiyar kuɓewa mai araha. Ina nan zaune na ji ana ƙwanƙwasa katanga da sanda. Na leƙa na gan shi a ƙofar ɗakin, ya ja jiki tun daga rumfa, gwiwarsa duk taɓo. Ɗayan makullin, na wajen Innarku, ne a bakinsa, ya ciza da haƙora, don hannun da ke aiki da shi yake dafa ƙasa. Ya ce, Tsohuwa, yarinyar nan ƙarya take yi mini. Ba mai ramuwar azumin da ba ya ƙarewa. Ina kwance ina jin ƙarar cokali a gindin tukunya. Ya ce in ya ce ta buɗe ba za ta buɗe ba, zuciyar uwarta gare ta. Ki ɗebi kaɗan-kaɗan ki dafa a gidanki, ki ce ɗanki ne ya aiko. Yana faɗa yana kuka, Baraka. Shekara nawa muna maƙwabtaka, ko ranar rasuwar Innarku ban ga hawayensa ba."

Barakatu ta haɗa kai da gwiwa. Kukan da ya zo mata ba mai sauti ba ne, kafaɗunta kawai ke rawa.

"To mene ne abin kuka? Abinci ne, an kawo don a ci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Girman kai ai ba ya cika tumbi."

"Ba girman kai ba ne, Tsohuwa. Alkawari ne."

Ta faɗa mata komai, barandar asibiti, rantsuwar, shaidar Baffa, da Juma'a ta sama. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni 'yasu. Da hannuna na ɗinke ki? Me ya sa ba ki gaya mini ba, 'yar nan? Katanga ɗaya ce tsakaninmu."

"An ce kada ya ji. Na ji tsoron ta fita."

"Rashin sani ya fi dare duhu." Tsohuwa ta share ido da gefen zani, ta matso kusa, ta rage murya. "Tsaya. Ba a rasa dabara ba. A sayo irinta a cika buhun, a kai wa masu ɗinkin buhu na kasuwa su mayar da farin zare. Ina da 'yar akuya, a sayar."

"Buhu zai cika, Tsohuwa. In Baffa ya dubi tsabar idona ya ce an ci ko ba a ci ba, me zan ce? Ni ce ma na ci. Kowace Juma'a har suɗe kwano nake yi."

"Ba ki sani ba ai. Rantsuwa kuma tana da kaffara, ki tambayi malamai."

"Kaffara tsakanina da Allah ce. Gwaggo ba kaffara take jira ba. Cewa ta yi gidanmu ba zai iya riƙe kansa ba, na ce zai iya. Ashe ita ce da gaskiya. Duk wahalar nan da nake yi, ina yawo a tashin kasuwa, ina kasa kuɗi a gwangwani ina jin ni wata ce, ashe shinkafarsa ce ke riƙe da ƙafafuna."

"To ki gaya wa Malam. Uba ne, da ransa. Ya kira su ya tsawatar, ya ce shi ya buɗe, ba ke ba."

Barakatu ta ɗago, idanunta sun yi ja.

"In ce masa me? In ce Baba, ranar da ka ja gwiwa cikin taɓo don in ƙoshi, ranar ka raba ni da Jibril? Sannan ya tashi ya yi faɗa da yayarsa da wannan bakin nasa? Likita ya ce faɗuwa ta biyu ba kowa ke tashi ba. Tsohuwa, in kina ƙaunata kada ya ji. Ko a fuska kada ki nuna masa."

"To ke ya za ki yi?"

"Ban sani ba."

Ruwan tukunya ya tsotse, shinkafa ta fara kamawa a gindi. Tsohuwa ta janye itace ba tare da ta kalli tukunyar ba.

"Wannan fa? In zubar wa kaji?"

Barakatu ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta.

"Ki miƙo kamar yadda kika saba. Yana jira."

* * *

Ta koma ta mayar da kwaɗo, ta wanke fuska a bakin rijiya, ta sake wankewa. Da masallata suka fara dawowa daga Juma'a ta taimaka wa Baba ya fito rumfa, ta jingina shi da matashi. Ba a jima ba kwanon ya leƙo ta kan katanga, a rufe da faifai. Yau ba barkwanci, hannu kawai aka gani.

Fuskar Baba ta washe, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Barakatu, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, zo ki zauna. Yau dai ba azumi ko?"

"Babu, Baba."

"Madalla. Allah ya yi wa ɗan Tsohuwa albarka." Maganar tana fita a hankali, kalma tana jan kalma. "Kin ga kuwa kumatunki sun fara dawowa? Ba na so yaron nan ya zo ya ce na bar masa ke a rame."

Ta buɗe faifan. Dogayen ƙwayoyi farare tas, sun rabu da juna, wake ya yi luguf, ga yaji a gefe. Duk makonnin nan tana kallonsu, ba ta taɓa tambayar kanta yadda aka yi ɗan Tsohuwa mai gadi a Kaduna yake aiko 'yar waje ba. Yunwa ba ta bincike.

Wayarta ta fara ƙara a kan tabarma. Sunan Jibril ne. Yana can a kan surinsa, da albishir a bakinsa.

"Ɗauki mana," in ji Baba.

"Zan kira shi an jima."

Ta wanke hannu, ta yi bisimilla. Sauran Juma'o'in duk a rashin sani ta ci. Ta dubi gwiwar Baba, inda wani tabo ya warke ya bar baƙi, wanda ya ce mata gefen gado ne ya buge shi. Ta damƙi loma ta kai baki. Da ƙyar ta wuce, hawaye suka biyo ta.

"Yaji ne?"

"Yaji ne, Baba."

"Tsohuwa da hannun yaji." Ya yi 'yar dariya, ya sa hannunsa mai lafiya ya turo kwanon gabanta gaba ɗaya. "Ni na ci ƙwai, ya ishe ni. Ci ki ƙoshi, Uwata, kada ki rage. Inda ta fito akwai saura."

Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta yi shiru. Barakatu ta sake damƙar loma.